Jini a Ɗakin Sanyi

Da sassafe aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an kashe Farfesa, shugabar cibiyar binciken cutar sikila. Sufeto ya ture kofin shayinsa ya ɗauki hula, Saje na biye da shi.

A ɗakin sanyi suka same ta, inda ake ajiye jini da magunguna. Tana kwance rub da ciki tsakanin manyan firiji biyu, farar rigarta ta rine ja tun daga wuya har ƙugu. An rotsa mata ƙeya, kuma ba bugu ɗaya ba ne. Tukunyar kashe gobara na yashe a gefe, gashi da fata manne a gindinta.

Sufeto ya tsuguna ya buɗe hannunta na dama da ƙyar. Wuyan fasasshiyar kwalba ta damƙe, bakinsa duk jini. Daga nan ɗigon jini ya bi ƙasa har bakin famfo, ya wuce zuwa ƙofa.

"Ta rama kafin ta faɗi," in ji shi. "Wancan jinin ba nata ba ne."

"Ta yaya ka sani, yallaɓai?" in ji Saje.

"Ka taɓa ganin gawa ta tashi wanke hannu? A kwashe shi a kai gwaji."

Ƙofar ba a ɓalle ta ba. Ma'aikata kaɗai suka san lambar buɗe ta. Sufeto ya sa aka jera su a baranda, ya bi hannun kowa da kallo tun daga yatsu har kafaɗa. Babu mai ko ƙwarzane. Aka goge cikin kuncin kowannensu da auduga don a gwada ƙwayoyin halittarsu da jinin da aka kwasa.

Ya fara da Dokta, mataimakin marigayiyar, wani dogo mai gilashi.

"Kun taɓa saɓani da ita?"

"Ko kaɗan."

"Mai shara ta ce jiya da rana har bakin matakala ana jin muryarka."

Dokta ya cire gilashin ya goge. "To, mun yi musu. Da can dashen ɓargo muke yi, a ɗebo na ɗan'uwa mai lafiya a sa wa maras lafiya. Yanzu mun samo sabuwar hanya: mu ciro ƙwayoyin jikin yaron, mu gyara inda cutar take, mu mayar masa. Yara da dama sun warke. Sai kuma biyu suka kamu da sankarar jini. Ta ce a dakatar da komai, ni na ce a ci gaba."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Tsoro, yallaɓai. Amma wallahi ban taɓa ta ba."

Na gaba wani siriri ne da ke wanke kwalabe da kula da injuna, kowa na kiransa Auta. Hotonsa na rataye a zauren cibiyar, don shi ne mutum na farko da Farfesa ta warkar. Ya shigo idanunsa jajur, ya zauna a hankali yana cije leɓe.

"Uwa ce a gare ni," ya ce. "Ba don ita ba da tuni na zama ƙasa."

"Ina kake jiya da yamma?"

"Asibiti, wajen 'yata. Ita ma sikila ce."

"Lafiya kake zama a karkace?"

"Tsohon ciwo ne, ranka ya daɗe. Idan hankalina ya tashi yakan motsa."

Sufeto ya yi masa ta'aziyya ya sallame shi.

Sakamakon ya ɗauki kwanaki. Jinin bai dace da ko ɗaya daga cikin ma'aikatan ba. Sufeto ya samo izinin kotu aka gwada shi da duk jinin da ke ajiye a cibiyar, na marasa lafiya da na masu ba da ɓargo. A nan aka dace. Jinin wani makanike ne da ya taɓa ba da ɓargonsa shekarun baya.

A gareji suka same shi, rabinsa a ƙarƙashin mota, ƙato mai kafaɗu kamar ƙyauren shago. Saje bai yi sallama ba, ya kama ƙafarsa ya fizgo shi waje. Makaniken ya zaci 'yan fashi ne. Ya miƙe da sifana a hannu ya sauke wa Saje a haɓa, haƙori ya yi tsalle cikin baƙin mai. Kuratan da suka rako su Sufeto suka rufar masa da kulake da gindin bindiga. Ya ɗaga ɗaya ya maka shi a jikin gilashin mota, gilashin ya tarwatse. Sai da Sufeto ya harba bindiga sama sannan aka danne shi, aka sa masa ankwa, fuskarsa ta kumbura kamar ba tasa ba.

A ɗakin tambayoyi ya rantse ya maya cewa rabonsa da cibiyar tun ranar da aka ɗebi ɓargonsa.

"Jininka muka samu a bakin famfo da jikin ƙofa," in ji Sufeto. "Na'ura ba ta san ka ba balle ta yi maka sharri."

Makaniken ya daɗe yana kallon tebur, idonsa ɗaya a rufe. Can ya ɗago.

"Ni ne. Ni na kashe ta."

"Da me?"

"Da sifana."

"A ina ka buge ta?"

"A goshi."

Sufeto ya jingina da kujera. Ya ga masu ƙarya don su tsira da yawa, amma mai ƙarya don a rataye shi bai cika gani ba. Ya sa aka tuɓe mutumin aka duba shi kaf. Ban da raunukan da kurata suka ji masa ɗazu, babu yanka ko ɗaya a jikinsa, sabo ko mai warkewa.

"Malam, wa ka ba ɓargonka?"

Makaniken ya kau da kai.

"Na ce wa ka ba?"

"Ku rufe ni kawai. Na ce ni ne."

Sufeto ya koma cibiyar da shi a bayan mota. Ya bar shi da kurata a baranda, ya shiga ofishin Dokta ya rufe ƙofa.

"Idan aka dasa wa mutum ɓargon wani, jinin wa ke gudu a jikinsa?"

Dokta ya ce, "Na wanda ya ba shi. Ɓargo ne ke yin jini. Fatarsa da cikin bakinsa nasa ne, amma jinin na ɗan'uwan ne har ya mutu."

"Wanda ya warke haka, ciwon yakan sake motsa masa?"

"A'a. Idan dashen ya kama, shi ke nan."

"Wa ya karɓi ɓargon makanike?"

"Ƙanensa," Dokta ya ce. "Auta."

Suka tarar da shi a ɗakin wanke kwalabe. Sufeto ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Auta, cire rigarka."

"Saboda me, ranka ya daɗe?"

"Na je asibitin da 'yarka take. Ma'aikaciyar jinya ta ce ran nan ka fita da la'asar, ba ka dawo ba. Cire rigar."

Auta ya kai hannu kamar zai ɓalle maɓalli. Sai ya suri wuƙar fiɗa daga kan tire, ya daka tsalle ya shaƙo Dokta ta baya, ya ɗora masa ita a maƙogwaro. Jini ya fara gangarowa cikin kwalar Dokta.

"Ku ba ni hanya ko in yanka shi!"

Sufeto ya zaro bindiga, amma kan Dokta ya tare masa. Suna nan tsaye cirko-cirko sai aka ji gurnani daga baranda. Makaniken ya bangaje kuratan, ya shigo da ankwa a hannu, bai tsaya ba. Auta ya kai masa sara, wuƙar ta tsarge masa damtse. Makaniken ya haɗa hannuwansa biyu da ƙarfen ankwar ya maka wa ƙanensa a haƙarƙari. Auta ya ƙwalla ƙara ya zube cikin kwalabe, gefen rigarsa ya jiƙe sharkaf.

Saje ya take wuƙar ya yage rigar. Wani dogon yanka ne a ƙarƙashin hammata, an ɗinke shi a karkace da zaren tiyata, ya kumbura ya ɗuri ruwa, yanzu kuma ya ɓarke.

Auta ya jingina da bango yana haki. Ba a tambaye shi ba ya fara magana.

"'Yata ce ta gaba a layi. Saura kaɗan a yi mata. Kullum tana kwance tana ihu, ƙasusuwanta kamar ana daka su, ni na san wannan azabar. Sai na ji an dakatar. Na same ta a ɗakin sanyi na durƙusa, na ce Mama ki taimake ni. Ta ce ba za ta sa wa yarinya abin da zai iya kashe ta ba. Ta ce in zauna, akwai wata magana. Ban zauna ba. Na shaƙe ta, ta caka mini kwalba, sai na ga tukunyar nan a bango. Na buga. Na yi ta bugawa."

"Da aka kama yayanka fa?" in ji Sufeto. "Ka san jininsa za a gani."

Auta ya sunkuyar da kai. "Na sani."

Dokta na zaune a ƙasa, ya danne wuyansa da auduga. Ya dubi Auta.

"Ka san maganar da ta ce ka zauna ka ji? Ta gwada jinin yayanka da na yarinyar, ta ga za a iya yi mata dashe ta tsohuwar hanya. So take ta fara gaya maka kafin a nemi yardarsa."

Auta ya shiga buga ƙeyarsa da bango, har sai da Saje ya riƙe shi.

Sufeto ya kwance ankwar daga hannun makaniken ya mayar da ita hannun ƙanen. Da aka ɗaga shi, Auta ya juyo.

"Yaya."

Makaniken bai dube shi ba. Ya naɗe damtsensa da tsumma, ya matsa kusa da Dokta.

"Likita, kai za ka iya aikin?"

"Zan yi iya ƙoƙarina. Ita ce gwanar, amma a hannunta na koya."

"To ku ɗinke mini wannan, ku faɗa mini ranar da zan zo."

"Yaya, ka yafe mini," Auta ya sake cewa.

"Ku fita da shi," in ji makaniken. "Ina da yarinya a asibiti tana jira."

Sufeto ya kama hannun Auta, suka bi baranda ta tsakiyar ma'aikatan da suka yi jugum, har zuwa inda mota ke jira.