Birkin Gaba na Malam Daudu

Ranar kasuwar Gwiwa ce Sadiyya ta turo keken babanta har gindin bishiyar bedin da masu gyara suke zama. Ba hawa ta yi ba, turo shi ta yi tun daga gida, har gefen hijabinta ya kwashi baƙin mai.

Wani saurayi ta tarar a durƙushe yana faci. Ya ɗago kai, idonsu ya haɗu, ita ta fara kawar da nata.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yawwa, sannu Malama. Faci ne?"

"Tambaya ce. Wane hannu ne ya kamata ya riƙe birkin gaba?"

Ya goge hannu da tsumma yana murmushi. "Na dama mana. Ai haka kekunan suke zuwa."

"Na san haka suke zuwa. Me ya sa?"

Sai ya fashe da dariya. "Wallahi ban sani ba. Tun ina yaro nake ɗaura wayar birki, ban taɓa tambaya ba."

Wannan amsar ce ta fara shiga ranta. Malamar firamare ce ita, ta saba ganin manya suna ƙirƙiro amsa don kada a ce ba su sani ba.

Ta yi masa bayani. Babanta, Malam Daudu, ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki bara. Allah ya sa da sauƙi, ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma hannun dama har yanzu ba ya iya damƙa da ƙarfi. Shi kuwa ya ƙi rabuwa da kekensa, kullum da shi yake zuwa gona, ga gangare a hanyar. Da hagu kaɗai yake taka birki, tayar baya ta yi ta ja a ƙasa keke bai tsaya ba. Kwanan baya ma cikin shingen gonar mutane ya shige.

"Ki bar min lambarki," in ji shi. "Sunana Ashiru, a Kazaure nake, ranar kasuwa kawai nake zuwa nan. Zan bincika."

Ta ɗauka hanyar karɓar lamba ce irin ta samari. Sai ga saƙo bayan 'yan kwanaki:

"Malama Sadiyya, barka da yamma. Yau na je Babura sayo kayan gyara. Na ga kekunan da ake shigo da su ta Nijar, da yawa birkin gabansu a hagu yake! Mai su ya ce wai don a can hannun dama ake bi a titi, mutum ya miƙa hagu ya nuna zai juya, dama tana riƙe da birkin baya."

Ta mayar masa nan take: "To ai mu ma hannun dama muke bi. Me ya sa namu ya bambanta?"

"Na tambayi wani dattijo, ya ce a da hagu muke bi. Ina ganin titi ne ya canza, keke bai samu labari ba."

Ta yi dariya har Inna ta leƙo ɗakin tana tambayar ko lafiya.

Daga nan saƙo bai ƙara yankewa ba. Ta tambaye shi babur fa, ya ce na babur a dama yake. Ta ce to wanne ne a cikin birkin biyu yake tsayar da keke da gaske? Ya tafi filin ƙwallo a Kazaure ya yi ta gwadawa har yara suka taru suna kallonsa, ya dawo mata da rahoto: na baya jan ƙasa yake yi, na gaba ne mai tsayarwa, amma in aka damƙe shi da ƙarfi lokaci ɗaya sai ya wurgar da mutum.

Ba su san lokacin da "Malama" ta koma "Malamata" ba, ita kuma ta fara ce masa "Injiniyana". Ranar kasuwa in ya tashi, sai ya biya ta ƙofar gidansu ya gaida Malam Daudu, a shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Na gano amsar," ya ce mata wata rana a zauren. "Ba dama ba ce, ba hagu ba ce. Hannun da ya fi lafiya, wanda mutum ya fi iya sarrafawa, shi ya kamata ya riƙe na gaba. Na Baba kuwa hagu ne."

"To ka juya wayoyin."

"Sai Baba ya yarda."

"Ba zai yarda ba. Ko kujerar keken ba ya bari a taɓa. Ka juya, ni zan yi masa bayani."

Ta langaɓar da kai ta ce, "Injiniyana, don Allah." Ya juya su da yammacin nan, Malam Daudu yana masallaci. Yana isa Kazaure ya turo mata:

"Malamata, kar ki bari Baba ya hau sai kin faɗa masa. Hannunsa ya saba da damƙe hagu da ƙarfi. Ki yi min alkawari."

"Na yi," ta rubuta.

Ta so ta faɗa wa babanta bayan an ci tuwo, ta ga fuskarsa ba walwala, ta ce bari sai da safe. Da safe kuwa tana wanke-wanke ta ji ƙararrawar kekensa, kafin ta ɗauraye hannu ya bar unguwar.

A gangaren gona ya damƙe hagu yadda ya saba. Tayar gaba ta ƙame, keken ya ɗaga, ya tuntsura ta kansa. Masu amalanke ne suka kawo shi gida, fuska a kuje, kafaɗa ta goce.

Da mai ɗori ya gama, Malam Daudu ya sa aka shigo da keken, ya bi wayoyin da ido. Bai tambayi kowa komai ba. Da Ashiru ya zo dubiya ya durƙusa a bakin ƙofa, Sadiyya tana bayan labule tana ji.

"Kai ka taɓa min keke?"

"Ni ne, Baba. Ku yafe min."

"Wa ya sa ka?"

"Hannuna ne ya yi aikin, Baba."

"To tashi. Kar na ƙara ganinka a ƙofar gidan nan, kar na ji ka nemi 'yata ko a waya."

Ta so ta fito ta faɗi gaskiya, tsoro ya hana ta.

Wayarta ta yi shiru. Ta tura masa, "Ka yi fushi da ni ko?" Ba amsa. Ta sake turawa, "Ko zagina ne ka yi, na cancanta." Ba amsa. Ta tabbatar wa kanta ya tsane ta, kuma ba ta ga laifinsa ba.

A wannan tsakanin ne Muhammadu Lawal, ɗan Kawunta mai sayen hatsi a Babura, ya yawaita zuwa. Ya daɗe yana sonta, kuma ba mugun mutum ba ne. Shi yake ɗaukar Malam Daudu a babur ya kai shi gona, ya dawo da shi. Har ya ba da shawara a sayar da keken kowa ya huta.

Sadiyya ta lura babanta yana ramewa. Kafaɗa ta warke, amma kullum yana zaune a zaure yana jiran a zo a ɗauke shi, mutumin da bai taɓa jiran kowa ba. In ya wuce ta wajen keken sai ya kawar da kai.

Ranar da ta ji Inna tana cewa Kawu zai aiko da maganar aure, ta shiga turakar babanta ta durƙusa.

"Baba, ni na sa shi. Ya ce sai kun yarda, na matsa masa. Ya ce kar ku hau sai na faɗa muku, na ji tsoro na yi shiru."

Ya dube ta. "Ke kika sa shi, shi kuma ya rufa miki asiri a gabana?"

Ta gyaɗa kai tana hawaye.

"Ya neme ki tun daga ranar?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"Na hana shi ne, ya hanu." Sai a lokacin ta fahimci shirun biyayya ce, ba fushi ba. Ya yi gyaran murya. "To ke me ya sa kika so a juya min birki?"

Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, har da kekunan Babura da gwajin filin ƙwallo. Tun yana ɗaure fuska har ya gyara zama.

"Wato na gaba ne mai tsayarwa? Ni duk rayuwata tsoronsa nake ji." Ya jujjuya hannunsa na hagu yana dubawa. "Kira min yaron nan."

Ta rubuta: "Injiniyana, na faɗa wa Baba gaskiya. Shi ya ce ka zo."

Amsar ta shigo kafin ta ajiye wayar: "Malamata, duk saƙonninki na karanta, kowanne sai da ya hana ni cin abinci. Ga ni nan tafe."

A filin makarantar da take koyarwa suka yi ta koyo da yamma. Ashiru yana gudu a gefen keken yana cewa, "A hankali, Baba, matsawa za ku yi, ba damƙa ba." Tsohon yana faɗa yana dariya. Kafin a fara girbi ya koma zuwa gona da kansa, ya sauka gangaren nan ya tsaya cak inda ya ga dama.

Malam Daudu da kansa ya je ya ba Kawu haƙuri. Muhammadu Lawal ya ji zafi, ya ɗauke ƙafa na wani lokaci, amma ranar ɗaurin auren Sadiyya da Ashiru shi ya yi ta jigilar baƙi daga tasha.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura. Da motar kai amarya Kazaure ta tsaya a ƙofa, aka nemi Malam Daudu a zaure ba ya nan. A turaka Sadiyya ta same shi, ya juya wa ƙofa baya yana share ido da bakin rawani.

Ta durƙusa. "Baba, ku yafe min."

"Na yafe miki duniya da lahira," ya ce. "Na ba ki ga mutumin kirki, ki riƙe shi da kyau. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku ga jikokinku. Tashi ki tafi, kar ki sa tsoho kuka a gaban mata."

Daga tsakar gida Inna da sauran matan suka amsa da amin, guɗa ta tashi.