Golmon Mai Digiri

A bakin ƙofar wata kwaleji suka fara ganin juna, cikin layin masu neman aikin koyarwa. Rana ta take, kowa ya kare kansa da ambulan ɗin takardunsa. Aaron ɗan Rikoto ne, ilimin noma ya karanta, kuma ya daɗe da daina ƙirga makarantun da ya kai wa takardu. Dinah 'yar Dabai ce, ta karanta lissafi, ranar ce fitowarta ta farko.

"Malam, don Allah hoto nawa aka ce a manna?" ta tambaye shi.

"Biyu. Ki adana sauran, za ki kai su wani wurin. Ni yanzu mai hoto har ragi yake yi min."

Ta yi dariya har ta rufe baki. Kafin layi ya kai kansu ya jera mata takardunta yadda ake so, ta kuma ba shi lambarta, wai don ya riƙa sanar da ita in an buɗe ɗaukar aiki.

Ya sanar da ita ɗin, har da abin da ba ta tambaya ba. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashinta: "Malamata, an kafa sanarwa a wata kwalejin fasaha. Ni dai na riga na samu gurbi a zuciyarki, ko ba albashi." Ita kuma ta amsa: "Farfesa, gurbinka na dindindin ne, babu ritaya."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci sukan zauna gindin mangwaro, ya zama mai yin intabiyu, ita kuma ta koyar da shi kamar ɗalibi. In ta yi sauri ya ce, "Sannu a hankali, ki kalli idonsu, kada ki kalli allo kawai."

Da magana ta kai gida, mahaifin Dinah, Baba Francis, tsohon soja, ya sa aka kira Aaron. Ya bar shi a durƙushe, ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, mi kake yi?"

"Baba, ina neman aikin koyarwa."

"Nema na tambaye ka? Ga Abel can, soja ne, duk wata alat na shigo mishi, ya aiko iyayenshi. Ni na yi gadin dare na biya wa yarinyar nan makaranta. In ba ta mutumin da zai ciyar da ita da satifiket?" Ya juya wajen 'yan'uwansa yana murmushin reni. "A zamaninmu wanda bai da komai golmo yake yi, ya noma wa uban yarinya gona shekara bakwai. Ko albashi, ko golmo. Amma ina mai digiri, ina garma?"

Aka bushe da dariya. Aaron ya tashi ya fita.

Ba a jima ba kwalejin da suka fara haɗuwa a ƙofarta ta kira mutane intabiyu. An kira Dinah, ba a kira Aaron ba. Tsoron karya masa zuciya ya sa ta tafi a ɓoye, kuma aka ɗauke ta. A bakin wani ɗan acaɓa ya ji labarin, yana ce masa, "Kai, barka, budurwarka ta zama lakcara!"

Ya rubuta mata: "Barka, Malama. Ashe aikina ya ƙare gindin mangwaro. Ki gaida Abel."

Washegari ta zo Rikoto da kanta, idonta a kumbure, ta same shi yana wankin rigar da ya tanada don intabiyu.

"Ni kake jefa wa Abel? Na ɓoye maka ne don na rasa bakin da zan faɗa. Duk abin da suka tambaye ni, da muryarka na amsa."

"To yanzu fa? Babanki zai ba ni lakcara, alhali ya hana ni ke tun kina zaune?"

"In ka ce in bar aikin, zan bari."

"Kul! Ko ɗayanmu ya ci amfanin wahalar nan."

Da ruwan farko ya sauka, Baba Francis ya je gonarsa ya tarar da mutum yana huɗa. Aaron ne. Abokansa da yake sa rai za su taya shi, kamar yadda samari ke yi wa juna a da, duk sun tafi soja ko birni. Shi kaɗai ne da garma. Tsohon ya ce, "Za ka gaji," ya wuce.

Bai gaji ba, sai dai ya rame. Hannunsa ya yi kanta har biro ba ya zama daidai a yatsunsa. Da yamma yakan zauna ya cika takardun neman aiki a waya, ya aika, shiru. A gari ana nuna shi ana cewa ga inda boko ke kai mutum. Duk uban da ya sayar da akuya ya kai ɗa makaranta, in ya gan shi sai ya kau da kai, don ya san nasa ma yana ɗaki a zaune.

Dinah takan biyo ta gonar da ruwa a gora in ta taso daga aji. Wata rana ta riƙe tafin hannunsa tana kuka.

"Farfesa, hannun alli ne wannan."

"Bari kuka, Malamata. Ai noman na karanta. Ɗalibai ne kawai ban samu ba."

A damina ta uku aka sake buɗe ɗaukar malaman noma. Dinah ta kawo masa sanarwar da gudu. Ya karanta, ya miƙa mata, ya nuna layin ƙarshe: shekarunsa sun haura iyakar da aka sa. Ya ɗauki garmarsa ya koma kan kunya.

Baba Francis yana gefe, ya ji komai. Ya daɗe yana kallon dawar da ta fi shi tsawo, irin wadda gonar ba ta taɓa yi ba.

"Aaron, aje garmar nan," in ji shi. "Da baki na yi wasa, kai kuwa ka biya da ƙuruciyarka. Ya isa. Turo iyayenka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a cocin Dabai. Da dawar da ango ya noma aka ciyar da baƙi. Baba Francis ya haɗa hannayensu, ya ji kaushin na Aaron, ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa 'ya'yanku in sun yi karatu a kira su." Jama'a suka amsa da amin mai nauyi, don kusan kowa a wurin yana da wanda ba a kira ba.

Ranar Litinin Aaron ya kai amaryarsa kwaleji a babur. A bakin ƙofar an sake jera layi, kowa da ambulan a ka. Dinah ta sauka ta matse hannunsa, ta shiga. Wani saurayi ya tare shi yana tambayar hoto nawa ake mannawa.

"Biyu," in ji Aaron. "Ka adana sauran."

Ya juya babur ya nufi gona.