Dutsen Gindin Randa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta, 1956, gari ya waye da yayyafi, irin wanda ke jiƙa mayafi ba tare da mutum ya lura ba. Lungunan Fagge sun yi caɓi, hayaƙin ɗanyen itace ya kwanta a kan katangu ya ƙi tashi. Yagana ta jera kayanta a faifai, tsakiya da murjani da 'yan kunnen azurfa, ta rufe da ƙyalle, ta kama hanyar kasuwar Sabon Gari. A ƙullin bakin zanenta akwai zobe guda ɗaya wanda ba ta sa shi cikin kayan ba.

Gugar duwatsun ado sana'ar gidansu ce, kakarta Gumsu ta zo da ita daga Borno. Yayanta Kyari ne ya gaji rumfar a kasuwa, ita kuma tana guga a gida. Shekara biyu da suka wuce wata Baturiya ta sayi sarƙar tsakiya a wurinsa, ta dawo da 'yan doka tana cewa kwalba aka sayar mata. Ari, maƙwabcin rumfarsa, shi ya musanya sarƙar lokacin da Kyari ya tafi salla, kuma shi ya tsaya gaban alƙali ya rantse. Wata tara Kyari ya yi a ɗaure. Ya fito da tari, bai ga azumi ba ya rasu. Rumfar ta koma hannun Ari. Tun daga nan Yagana ke shimfiɗa tabarma a ƙasa, a bakin hanya, tana fuskantar rumfar yayanta kullum.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida. Duk ɗanyen dutsen da ya shigo hannu, sai an kwanar da shi a ƙwaryar ruwa kafin a taɓa shi. Idan da safe ruwan yana nan da sanyinsa, a goge. Idan ya yi ɗumi, dutsen da mai shi, sai a mayar inda aka ɗauko. Gumsu ta taɓa samun irin wannan, ja kamar hanta, kuma ba ta iya mayar da shi ba, domin ta riga ta baro ƙasar. Sai ta binne shi a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Shekara arba'in yana nan, ana zuba masa ruwa kamar shuka. Kowa a gidan ya san ba a tono shi.

Yagana ta tono shi. Kwana bakwai tana gugarsa da yashi da ruwa, har ya yi sumul yana ɗaukar ido, sannan ta kai wa maƙeri ya zaunar da shi a azurfa, daidai yatsan namiji. Ta san halin Ari. Duk dutsen da ya fi kyau ba ya ajiye shi a faifai, a hannunsa yake sawa ya yi wata da watanni yana nuna wa mutane.

Ta same shi yana karkaɗe ruwa daga rufin rumfa.

"A'a, ƙanwar Kyari! Yau tabarma ta jiƙe ne, aka tuna da masu inuwa?"

"Ina kwana, Malam Ari. Abu na kawo maka. Na gaji da sana'ar nan, zan koma sayar da ƙuli-ƙuli."

"Da ma tun farko ai shi ya dace da ke. Mu gani."

Ta kwance ƙullin. Dariyar ta tsaya a bakinsa. Ya ɗaga zoben sama, ya lasa dutsen da harshe, ya goga a hannun riga, ya sake dubawa.

"Ina kika samo wannan?"

"Na kakarmu ne."

"Shi Kyari yana da wannan a gida, ya tsaya sayar da tarkace? Allah Ya jiƙan mamaci, amma dai bai da wayo."

"Amin," in ji Yagana.

Ya ba ta abin da ya ga dama, ba ta ko duba ba. Ta koma tabarmarta ta zauna, tana kallo ya zura zoben a yatsa. Rabonta da jin sanyi a rai irin na wannan lokacin tun kafin rasuwar Kyari.

Bayan la'asar Magret ta zo. Malamar asibiti ce, 'yar wajen Zariya, ita ta yi jinyar Kyari a kwanakinsa na ƙarshe, tana zuwa har Fagge bayan ta tashi aiki, ba wanda ya sa ta. Ta durƙusa a gefen tabarma, akwatinta a hannu.

"Yaya Yagana, sallama na zo yi. An mayar da ni Kaduna, jirgin ƙasa na yamma zan bi. Babban asibiti, kin ji, ni dai ƙafata ta huta ke nan."

"Allah Ya sa alheri ne. Za mu yi kewarki."

"Kada ki yi fushi da ni fa. Na yi ciniki a rumfar mutumin nan, ban so ba, amma duba." Ta jawo zare daga wuyanta. Zoben na lilo a jiki. "Daga yatsansa na cire shi, sai da muka yi ta ja. Na Baba ne, sai Kirsimeti zan kai masa. Kafin nan yana wuyana, kada ɓarayin jirgi su gani."

Yagana ta buɗe baki. Ari yana tsaye a bakin rumfa, yana kallonsu yana sakace. Idan ta yi magana yanzu, zai ji. Zai gane abin da ta shirya masa, gobe kasuwa duka ta sani, kuma ba zai ƙara karɓar ko allura daga hannunta ba.

"Yana da kyau," ta ce. "Allah Ya kiyaye hanya."

Magret ta mayar da zoben cikin riga, ta ɗauki akwati, ta tafi.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Yagana ta naɗe tabarma. Hadari ya sake haɗowa, mutane sun watse da wuri. Ta bi gajeriyar hanya, wadda ta ratsa bayan wani kududdufi kafin a shiga Fagge. Ruwa ya cika shi har baki, kwaɗi suna ta kuka.

Tana tsakiyar hanya kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya.

Sai ta ji wani sauti da ta sani fiye da muryarta. Ƙurrr. Ƙurrr. Dutse a kan dutse, da yashi a tsakani. Wari ya biyo baya, warin jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

A bakin ruwan wata mata ce zaune, ta juya baya, ta lulluɓa da tsohon baƙin zane. Gabanta faffaɗan dutsen guga. Yagana ta gane shi ta ɓallin da ke gefensa. Nata ne. Da safe ta bar shi jingine a ɗakinta, ta kulle ƙofa.

Ta so ta juya. Ƙafafunta sun nutse a laka har idon sawu.

"Salamu alaikum," ta ce.

Gugar ta tsaya.

"Jikar Gumsu," in ji matar, a hankali, kamar mai magana daga cikin tulu. "Matso ki ga aikinki."

Ta waiwayo.

Ba ta da fuska. Inda ya kamata a ga ido da hanci da baki, ja ne kawai, sumul, yana sheƙi. Yagana ta ga kanta a ciki, 'yar ƙarama, da faifai a ka.

"Shekara arba'in ina zaune da ku lafiya. Kakarki ta ba ni ruwa. Uwarki ta ba ni ruwa. Na taɓa ɗanku? Na taɓa akuyarku?"

"Inna, ba ke na nufa ba. Wani ne ya..."

"Kwana bakwai. Ina kiranki kina ƙara yashi."

Faifan ya faɗi. Tsakiya ta watse a laka.

Hannun matar ya miƙo. Ya yi tsawo fiye da yadda hannu ke yi. Ya kama wuyan hannun Yagana na dama, da ɗumi, kamar ruwan da ya kwana da abin da bai kamata ba. Ya jawo ta har ta durƙusa. Ya kife tafinta a kan dutsen.

Ƙurrr.

Ba zafi. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Ƙurrr.

"Wadda ta rataye ni, a ƙirjinta zan riƙa kwana, har ƙirjin ya gaji. Wadda ta goge ni, zan goge ta. Kaɗan-kaɗan, yadda kika yi. Ba na sauri."

"Me zan yi? Don Allah, me zan yi?"

"Ki mayar da ni gindin randa. Ranar da na koma, na tsaya inda na kai."

Ruwan kududdufin ya fara hawowa. Ya taɓa gwiwarta. Ya taɓa cinyarta. Hannun bai sake ta ba.

Daga cikin Fagge ladan ya ɗaga murya.

Riƙon ya sassauta kamar na ƙiftawar ido. Yagana ta fizge, ta bar mayafinta da takalmi ɗaya a laka, ta runtuma. Ba ta waiwaya ba. Har ta shiga lungunsu tana jin sautin a bayanta, ba ya matsowa, ba ya nisa.

Ƙofar ɗakinta a kulle take. Dutsen guga yana jingine inda ta bar shi. Sai dai a jiƙe yake.

Da safe ta duba hannunta. Zanen da ke kan ɗan ƙaramin yatsa ya ɓace, fatar ta yi sumul kamar bayan cokali. Bayan kwana uku na kusa da shi ya bi. Allura ta fara zame mata, ba ta iya zura zare a tsakiya. Kullum da magariba, duk inda take, sai ta ji ƙurrr a hankali, hannun ya ɗauki ɗumi.

Ta san abin da ya kamata ta yi, amma ta yi ta jinkiri. Ba ta iya boko ba, wasiƙa kuwa sai an faɗa wa wani da baki. Sau biyu tana zuwa ƙofar gidan waya tana juyowa. Ta ci gaba da shimfiɗa tabarmarta da ragowar kaya, tana kallon Ari yana ta ƙiba a rumfar Kyari, yana ba kowa labarin jan dutsen da ya yi kuskuren sayarwa. "Da zai dawo hannuna," yakan ce, "wallahi ko Gwamna ba zai raba ni da shi ba."

A mako na uku matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa ta tsaya duba 'yan kunne, ta ce, "Kin ji labarin Magret kuwa? Tun da ta sauka Kaduna ba ta yi aikin kwana biyar ba. Numfashi ke gagararta, ta ce kamar an ɗora mata turmi. Likitoci sun duba ba su ga komai ba. Ta rame, sai idanu."

Washegari Yagana ta zauna a bencin Augustine, mai rubuta wa mutane wasiƙa a gindin bishiyar da ke gaban gidan waya. Ya gyara tabarau, ya tsoma alƙalami.

"To, Mama, gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na sa wannan. Sai me?"

"Ka ce ta cire zoben nan yau, kada ta ƙara kwana da shi. Kada ta kai wa babanta. Ka ce dutsen da mai shi, ni na goge shi, na sani kuma na yi shiru ranar da ta nuna mini. Ka ce ta yafe mini in za ta iya."

Alƙalamin ya tsaya. Augustine ya dube ta ta saman tabarau, ya yi alamar gicciye, ya ci gaba da rubutu.

"Ta naɗe shi a ƙyalle ta aiko Kano ta gidan waya."

"Wane adireshi? Gidanki a Fagge?"

Yagana ta kwance hannunta daga bakin zane ta ɗora a cinya. Zanen yatsu biyar duk ya tafi, abin ya fara cin tafin. Daga gidan waya zuwa gindin randarta tafiyar minti ashirin ce. Ta daɗe tana kallon hannun.

"Mama? Akwai mutane a layi."

"Ka rubuta Malam Ari mai duwatsu, layin 'yan ado, kasuwar Sabon Gari. Ka ce ƙa'idar sana'armu ce, abu yana komawa ga wanda ya sayar. Kada ta yi masa bayanin komai. Ta ce kawai bai yi wa babanta daidai ba, ta bar masa."

Augustine ya rubuta, ya karanta mata daga farko har ƙarshe, ta gyaɗa kai. Ya tura mata tawada ta dangwala. Ta danna babban yatsa a ƙasan takardar, ta ɗaga. Tabo ne baƙi, mulmulalle, ba zane ko ɗaya.

"Bai fito ba, Mama. Sake."

"Haka zai fito. Rufe."

Ya liƙe ambulan, ya manna kan sarki. Ta karɓa da hannun hagu, domin na dama ba ya riƙe takarda. Ta taka zuwa jan akwatin, ta zura wasiƙar, ta tsaya har sai da ta ji faɗuwarta a ciki.