Tsagar Fuskar Dije

"Ki sauke shi kawai, Khairat! Wuni ɗaya tak. Baba Lawal na fita ki mayar da shi."

"Ba zan sauke ba."

Abdulwahab ya dafe goshi. A falon Habboba Husseina suke, kakar Khairat, hawa na huɗu a unguwar Arba wa Nus da ke Alƙahira. Abin rigimar yana rataye saman talabijin: tsohuwar takardar tallar fim, an zana wata baƙar mace kyakkyawa riƙe da faranti, ƙasa an rubuta Samar da Larabci.

"Habibti, ba ki san ƙanen mahaifina ba. Tun daga Sabon Birni ya taso don binciken asalinki. In ya ce a'a, khalas, shi ke nan, Abba ba zai ƙara saurarena ba. Ya ji uwar kakarki 'yar fim ce..."

"To 'yar fim ce mana! Ƙarya kake so a kafa aurenmu a kai?"

"Ni ke nake so."

"Ni ma kai nake so, nurul aini, har ba na iya cin abinci in ka yi fushi. Amma matar nan ta riga ka shiga gidan nan."

Ya fita bai ko sha shayin ba. Sai da ta ji ƙarar takalminsa ta ɓace a matakala sannan ta bar hawayen suka zubo.

An daɗe ana cewa 'yar fim ba ta da asali. Masu faɗar haka yawancinsu ba su taɓa tambayar sunan uban ko ɗaya ba. Samar ɗin nan Dije ce sunanta na yanka. Tana goye iyayenta suka baro ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, uban ya rasu a Sudan, yunwa ta koro uwa da 'ya zuwa Alƙahira. Ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, tagogi duk an shafe su da shuɗin fenti saboda jiragen yaƙi, wani mai shirya fim ya gan ta tana sayar da gyaɗa a kasuwar Ataba. Fim goma sha ɗaya ta yi cikin shekara biyar. A dukkansu 'yar aiki ce: ta kawo gahawa, ta buɗe ƙofa, ta faɗi kalma uku ta fita. Amma duk fitowarta sai 'yan kallo su yi tafi.

Washegari bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Khairat ta buɗe, ga Baba Lawal da Abdulwahab a bayansa, ta durƙusa za ta gaida baƙo, ta ɗago kai... sai ta ƙura masa ido. Dattijon dogo ne riƙe da sanda, kuma a kumatunsa akwai tsage-tsage dogaye, daga gefen baki har kunne. Ta san su. Tun tana ƙarama take ganinsu.

Aka zauna, aka gaisa. Habboba ta miƙa karkade mai sanyi, wato zoɓo. Baba Lawal ya fara tambayoyinsa a tsanake, wane ne uba, wane ne kaka, har idonsa ya sauka a bango.

"Waccan hwa?"

Abdulwahab ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

"Mahaifiyata ce," in ji Habboba, ko gezau. "Fim take yi."

Dattijon ya ajiye kofin. Ya soma laluben takalminsa da ƙafa.

"To, Hajiya, mun gode da ruwa. Abdulwahabu, tashi. Mu gidanmu asali muka bi."

"Baba!" Muryar Khairat ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta zata ba. "Asali kuka zo gani, kuma ba ku gan shi ba tukuna. Wancan zanen mai fenti ne. Ku ba ni minti biyar, in kun gani kuka tafi, wallahi ba zan ƙara kiran ɗanku ba."

"Khairat, don Allah..." Abdulwahab ya yi raɗa.

"Bar ta," dattijon ya ce. "Ɗiyar nan akwai baki. Mu gani."

Ta jawo kwamfutarta ta kunna. Hoton fari da baƙi ne, yana rawa. Wani basha, attajirin Masar, na zaune a kujera, ƙofa ta buɗe, Dije ta shigo da faranti. Na'urar ɗaukar hoto ta matso kusa da fuskarta. Khairat ta tsayar da fim ɗin a nan.

Baba Lawal ya ciro tabarau. Ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin. Ya ɗaga yatsa yana ƙirgawa, leɓɓansa na motsi. Shida a kunci ɗaya. Bakwai a ɗayan. Hannunsa ya koma kan tasa fuskar.

"La ilaha illallahu... Bagobira ta! Wannan askar gidanmu ta!"

"Mai zanen talla ne ya goge su," in ji Habboba. "Ita kuwa ba ta taɓa yarda ba. Shekarar arba'in da huɗu wani darakta ya ce zai ba ta babbar fitowa, ita ce amaryar fim ɗin, in dai za ta bari a cike tsagar da hoda. Ta ce masa abin da ubanta ya bar mata ke nan kafin ya mutu a hanyar Makka, ba ta da wani gadon. Aka ba wata. Ita ta koma ɗaukar faranti har ta bar fim ta auri mahaifina, wani tela a bayan Azhar."



Dattijon ya cire tabarau ya goge ido da bakin rigarsa. Ya juya kan Abdulwahab.

"Kai, mi kac ce ma yarinyar ga jiya? Na ga kana ta sunne kai."

"Na ce... ta sauke hoton, Baba."

"Sakarai! Ni jikokina ko ɗaya ba ya da aska, kai ma huskarka sumul kamar ƙwai, ga wadda ta riƙe tata a gaban Masar duka, kana cewa a ɓoye ta?" Ya dubi Habboba. "Hajiya, ku yi muna haƙuri. Mu munka zo bincike, ashe mu za a bincika. Kuna ba mu ɗiyar ga?"

Habboba ta gyara mayafinta a hankali, ta bar shi ya jira.

"Sai mun yi shawara. Yaron naku ɗan tsoro ne."

"Ma'alish, a yi haƙuri, Habboba!" Abdulwahab ya zube a gabanta. "Khairat, ki sa baki, ya ruhi!"

Khairat ta harare shi, dariya da hawaye suna rige-rige a fuskarta.

"Sharaɗi ɗaya. Hoton nan zai bi ni ɗakina."

"Da hannuna zan kafa ƙusar!"

"Ba wancan na ƙarya ba," in ji Baba Lawal, yana nuna kwamfutar da sandarsa. "Wanga za a wanko muna, mai aska. Guda biyu. Ɗaya Sabon Birni za shi."