Harshen Aro

Hular azurfar ta soma ɗumi a kan Inna Gambo, ƙananan fitilunta suna ƙyaftawa. A can ƙololuwar benen asibitin Sabuwar Zariya, inda motoci marasa direba ke giftawa ta taga, Dakta Mamuda ya tsaya da tumbinsa da sanƙonsa yana jiran mahaifiyarsa ta yi magana.

Cutar jijiyoyin motsi ce ta kwantar da ita. Ita wannan cuta bin jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka take yi tana kashewa. Ta cinye ƙafa, ta cinye hannu, ta cinye harshe, amma ta bar hankali garau. A kanta Mamuda ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Na'urorinsa kan gano ta daga takun mutum tun kafin ya yi tuntuɓen farko. Magani kam babu. Gashin kansa kaɗai binciken ya yi nasarar kawarwa.

Hular nan, da ya raɗa wa suna Harshen Aro, tunani take karantawa ta mayar da shi murya. Da idanu Inna ke cewa i ko a'a, ga su sun fara gazawa. In hular ta ƙi, an rufe ƙofa ke nan da ita a ciki.

Lasifika ta yi gyaran murya. Sai ga muryar tsohuwar tangaram, tana cewa kunun asibiti ba kunu ba ne. Ma'aikatan jinya suka kama salati.

"Mamuda. Mamudana, ka rame."

Shi ne ɗan fari, kuma tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "kai" ko "wancan". Ashe can ciki haka take kiransa.

"Wa ya faɗi wannan? Ni ban faɗa ba," in ji muryar. "Kai, abin nan naka ba shi da kunya. Ko ka koya masa, ko ka cire mini shi."

Ya durƙusa ya yi mata bayani cewa in ya koya wa hular kunya, rabin abin da ke zuciyarta ba zai fito ba.

"To, ai ita ce magana."

Mamuda ya goge fuska, ya jawo allon sarrafawa. Kalmar farko da ya hana na'urar furtawa, sunansa ne.