Muryar Halliru a Kashi na Sha Shida

"Sake kunnawa ta ji da kunnenta!" in ji Malam Labaran, yana huci a tsakar gida.

Umma ta danna wayar. Muryar Halliru ta fito tar, muryar da Sharifa za ta gane ko a tsakiyar kasuwar Wudil ranar Juma'a.

"Auren nan da za a ɗaura min ba da zuciyata ba ne... Ke kaɗai nake so. Zan tafi ne saboda ina son ki. Ki jira ni shekara biyu."

Sai kukan mace ya biyo baya, kuma kukan ma Sharifa ta san mai shi. Nafisa ce, wadda ta daɗe tana shawagi a gaban shagon gyaran wayar Halliru kamar ta yar da allura a wurin. Ita ce ta turo wa Umma saƙon da safe, har da cewa wai tsoron Allah ne ya hana ta yin shiru.

Sharifa ta zauna a kan turmi.

"Kin ji ko?" mahaifinta ya ce. "Saura mako uku biki! Na kira shi sau biyu na ce ya yi min bayani, yaron nan ya ce min wai ba shi da abin cewa. To ni ina da shi. Ana idar da La'asar kawunki Ƙasimu zai mayar musu da kayansu Utai."

"Baba, don Allah..."

"Rufe min baki!"

Ta shige ɗaki ta faɗa kan katifa. Kuka take son yi, amma wani abu ya tsaya mata a rai ya hana hawayen zuwa. *Zan tafi ne saboda ina son ki.* Wane ɗan Utai ne ya taɓa yin magana haka? Halliru da ko "na yi kewar ki" sai ya sunkuyar da kai yake faɗa?

Zumbur ta miƙe zaune.

Ta san maganar! Bara a jami'a ta kalli wani fim ɗin Koriya, ta hana kanta sukuni har kashi goma sha biyar, ta yi kuka, ta ƙi cin abinci. Da aka zo na ƙarshe sai marubutan suka rasa ta cewa, kamar yadda suka saba. Jarumin ya tattara ya tafi babu gaira babu dalili, wai don yana son yarinyar. Ranar saura kaɗan ta maka wayarta da bango don takaici.

Farin cikinta bai yi minti ɗaya ba ya koma fargaba. Halliru a da mai fassarar fim ne, shi ke ɗora murya a bakin jarumai. Sharaɗi ɗaya Baba ya gindaya masa kafin ya karɓi gaisuwarsa, shi ne ya bar wannan sana'a, kuma tun ƙaramar Sallah ya durƙusa ya ce ya bari. Ita ma ta yi alƙawarin daina kallo. In ta wanke shi daga cin amana, ta jefa shi cikin ƙarya ke nan. Gaba kura, baya siyaki.

Ta zari hijabi ta fice ta ƙofar baya, ta tari mai adaidaita zuwa bakin gada.

Halliru na zaune a shago ya tasa wata buɗaɗɗiyar waya a gaba, ko taɓa ta bai yi ba. Idanunsa sun yi ja.

"Sharifata..."

"Kada ka Sharifata ni! Kashi na sha shida ne, ko ba shi ba ne?"

Ya ɗago a firgice.

"Ya aka yi kika..."

"Amsa nake so, Halliru!"

"Shi ne," ya ce a hankali. "Na riga na yi goma sha biyu kafin Baba ya yi magana. Kin san aikin, ba a sauya wa jarumi murya a tsakiyar fim, masu kallo ba sa yafewa. Mudassir mai situdiyo ya roƙe ni in ƙarasa huɗun, na kuma riga na ba shi kalmata. Nafisa ce ke yin muryar yarinyar. Wallahi ban san ta yanki sautin ta ajiye ba."

"Shi ne Baba ya tambaye ka ka yi gum?"

"Me zan ce masa? In ce na dubi idonsa na yi masa ƙarya? Gara ya tsane ni ni kaɗai. Na yi tunanin in tafi Kaduna in ba ki wuri, ko kya samu wanda ya fi ni..."

Wani baƙin ciki ya turnuƙe ta, irin wanda ke sa mutum dariya ba ya so.

"La'ilaha illallahu! Ashe fassarar ta shige ka har jini! Za ka tafi saboda kana so na, ko? In jira ka shekara biyu?"

"Hasken idona, ki fahimce ni..."

"Ban fahimta ba, kuma ba zan fahimta ba! Su can marubuci ne ya gaji ya rasa yadda zai ƙarasa labari. Kai wa ya gajiyar da kai? Ni ba fim ba ce da za a kashe a tashi. In ka tafi, ni za a bari da bakin mutanen unguwa!"

Hawayen da suka ƙi zuwa ɗazu suka ɓalle mata. Ta share su da gefen hijabi da ƙarfi.

"An kusa kiran La'asar. Ɗauko fim ɗin, da hotonsa da komai. In kana so na, ka zo ka ji kunya a gaban mahaifina. In ba ka zo ba, na san matsayina."

Ta juya ta fita ba ta waiwaya ba. Sai da ta kai bakin titi ta ji ƙarar saukar ƙofar shago a bayanta.

Sun tarar Kawu Ƙasimu har ya fara loda akwatuna a bayan mota. Malam Labaran na zaune a soro da carbi a hannu, ganin su tare ya sa fuskarsa ta ƙara haɗewa.

Halliru ya cire takalmi ya durƙusa, ya miƙa wayar da hannu biyu.

"Baba, ka kalli wannan, sannan ka yanke min duk hukuncin da ka ga dama."

Wani farin saurayi ya bayyana a ƙarƙashin lema, ruwa na zuba, yana magana da muryar Halliru. Kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Yarinyar ta fashe da kukan Nafisa.

Sharifa tana jin Umma na salati a bayan ƙyaure.

"Yaushe ka yi wannan?"

"Bayan Sallah, Baba."

"Bayan ka ce min ka bari."

"E, Baba. Ƙarya na yi maka. Ba ni da hujjar da ta isa."

Malam Labaran ya juyo kan 'yarsa.

"Ke kuma ta yaya kika gane?"

"Na kalle shi tun kafin a fassara, Baba... Kuma ko bayan na yi maka alƙawari ban daina kallo ba."

"Madalla. Maƙaryata biyu a soro ɗaya."

Ya daɗe yana jan carbi, har ladan ya fara kiran salla. Kawu Ƙasimu ya leƙo da akwati a ka, yana jiran umarni. Sharifa ta runtse ido.

"Shi wannan mai lemar," Malam Labaran ya ce, yana nuna wayar da haɓa, "ya dawo?"

"Ya dawo, Baba. Bayan shekara biyu."

"Ya ce mata me?"

"Bai ce komai ba. Murmushi ya yi mata daga tsallaken titi, fim ya ƙare."

"Bai je gaban iyayenta ba? Bai ba da haƙuri ba?"

"A'a."

Tsohon ya ja dogon tsaki.

"Aikin banza. Wannan kuke ɓata idonku a kai?" Ya miƙe yana gyara babbar riga. "Halliru, gobe ka zo min da mahaifinka, ka maimaita abin da ka faɗa a gabansa. Ban yafe ƙaryar ba tukuna, sai na ga kamun ludayinka. Amma wanda ya tako da ƙafarsa ya tona wa kansa asiri, ina iya ba shi 'ya."

Ya dubi Kawu Ƙasimu.

"Ƙasimu, sauke kayan nan ka mayar ciki. Mu je masallaci."

Sharifa ta kifa kai a gwiwa ta saki kukan da take ta riƙewa. Halliru ya matso kaɗan, murya ƙasa-ƙasa.

"Sharifata... kin yafe min?"

"Tashi ka bi su sahu," ta ce cikin shessheƙa, tana murmushi. "In ka dawo na ji da kai."