Gemun Juwairiyya

Saura sati uku a ɗaura aure, Juwairiyya ta kulle kanta a ɗaki da madubi da reza. Gashi ne baƙi wuluk ya fito mata a haɓa, ta aske jiya, yau ya sake tsirowa.

"Inna, na shiga uku!" ta fashe da kuka. "Da wane ido zan kalli Ikrima?"

Ikrima direba ne ɗan garin Maruta ta ƙasar Gwaram, shekara biyu yana zarya daga Gwaram zuwa Birnin Kudu saboda ita. Ranar kawo lefe danginsa mata suka yi ta tsegumi, wai amarya kamar sillen kara. Maganar ta tsaya wa mahaifiyarta Inna Ma'u a rai, ta sayo ƙwayoyin ƙiba wurin mai tallan magani, wata huɗu tana ɗirka wa 'yarta safe da yamma. Kumatu kam sun ciko, sai ga wannan masifa.

Mai kitso ta gani, kafin la'asar labari ya isa Maruta. Hajiya Sharifa, mahaifiyar Ikrima, ta aiko a dakata. Ita ba ta haɗa zuri'a da mace mai gemu, wa ya sani ko maita ce!

A asibiti likita ta juya ƙwayoyin, ta girgiza kai. "Inna, wannan ai maganin asma ne da ciwon gaɓoɓi. Shi ya hargitsa mata sinadaran jiki. A hankali za mu janye shi, amma gashin zai ɗau watanni."

"Wayyo Allah! Da hannuna na cuce ki, 'yar nan!"

Ranar da aka sa ta zo ta wuce, gida shiru. Ƙawaye suka ɗauke ƙafa, Juwairiyya ta fid da rai gaba ɗaya.

Sai bayan wata biyu Ikrima ya yi sallama. Ta fito zaure da niƙabi.

"Sau uku ina kai wa Hajiya takardar likita, ta ce sai baɗi. Zan jira." Ya dube ta. "Amma Juwairiyya, ni na taɓa ce miki kin rame?"

Ta girgiza kai, hawaye ya jiƙa niƙabin sharkaf.

Baɗin kuwa aka ɗaura, haƙuri ya yi rana. Sai dai shekara guda ta baƙin ciki ta tafi a kan gyaran abin da mai shi bai ce ya lalace ba. Iyaye, a bar halittar Allah yadda ya yi ta.